Rijiya ta Biyar: yadda ruwan famfo ya kashe mutum bakwai a Walkerton

A watan Mayun 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton da ke lardin Ontariyo a ƙasar Kanada, mutum fiye da 2,300 suka kamu da ciwon ciki da gudawa, bakwai daga cikinsu suka rasu. Mazauna garin gaba ɗaya ba su wuce 4,800 ba. Ruwan da ya kwantar da su na famfo ne, na hukumar ruwan garin, wanda ake zuba wa kulorin, ake kai samfurinsa ɗakin gwaji, kuma akwai takardar da ake cike awonsa a kullum. Gwamnatin lardin ta naɗa Mai shari'a Dennis O'Connor ya binciki lamarin, ya fitar da rahoto kashi biyu a 2002. Albarkacin wannan bincike ne aka san abin da ya faru kusan rana bayan rana, kuma shi ya sa har yau ake koyar da ma'aikatan ruwa da jami'an lafiyar muhalli da wannan lamari.

Rijiyar da ba ta da kariya

Garin yana samun ruwa daga rijiyoyin burtsatse uku, masu lamba 5 da 6 da 7. Ta biyar ce ta jawo masifar. An haƙa ta a 1978, zurfinta kusan mita 15 ne kawai, kuma ruwan da take ja yana fitowa ne daga tsakanin mita 5 zuwa 8 a ƙarƙashin ƙasa. Dutsen da ke wurin na farar ƙasa ne mai tsage-tsage, ƙasar da ta lulluɓe shi kuma ba ta da kauri, 'yan mitoci ne.

Wannan tsari na ƙasa shi ne tushen matsalar. Abin da ke sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi na rafi tsafta shi ne tafiyar da yake yi a hankali ta cikin yashi da laka, wata da watanni, har ƙwayoyin cuta su maƙale ko su mutu a hanya. Inda dutse ya tsage, ruwan sama ba ya wannan doguwar tafiya, yana bin tsagar ne kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan annobar masu bincike sun lura cewa idan aka kunna injin Rijiya ta Biyar, idanun ruwan da ke kusa da ita sukan daina ɓuɓɓuga, ruwansu ya juya ya nufi ƙasa. Da aka zuba sinadarin bin sawu a wajen, bai ɗauki wani dogon lokaci ba ya bayyana a cikin rijiyar. Ke nan a suna rijiyar burtsatse ce, amma a aikace ruwan saman ƙasa take zuƙa.

Kuma an san da haka tun farko. A gwajin da aka yi lokacin haƙa ta an ga ƙwayoyin da ke nuna alamar kashi a cikin ruwan. Masanin da ya duba ta ya ba da shawarar a riƙa zuba kulorin, a kuma taƙaita abin da ake yi a filayen da ke kewaye. An ɗauki shawarar kulorin. Ta kare filayen ba a yi komai a kanta ba har shekara ashirin da biyu.

Taki da mamakon ruwa

A ƙarshen Afrilun 2000 wani manomi da gonarsa ke dab da rijiyar ya watsa takin shanu, ya juya shi cikin ƙasa kamar yadda ƙa'idar noma ta tanada. Binciken bai ɗora masa laifi ba, kuma daidai ne, domin babu wata doka ko sanarwa da ta hana shi. Shanu kan ɗauki ƙwayar cuta mai suna E. coli O157:H7 a hanjinsu ba tare da sun nuna alamar ciwo ba, haka ma Campylobacter jejuni, kuma ƙwayoyin kan yi makonni da rai a cikin taki da ƙasa mai danshi da sanyi.

Daga 8 zuwa 12 ga Mayu aka yi ruwan sama na milimita 134, milimita 70 daga ciki a ranar 12 kaɗai. A daidai waɗannan kwanaki Rijiya ta Biyar ce ke ba garin mafi yawan ruwansa, saboda an kashe ta bakwai tun 9 ga wata. Daga baya gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa ƙwayoyin da aka samu a jikin marasa lafiya iri ɗaya ne da na shanun gonar.

Ragowar kulorin

Nan ne ya kamata a tsaya sosai, domin duk abin da ya gabata ba zai kai ga haka ba da an yi wani ƙaramin aiki na 'yan mintuna.

Idan aka zuba kulorin a ruwa, ba ƙwayoyin cuta kaɗai yake kamawa ba. Duk dattin da ke cikin ruwan yana cin rabonsa: ruɓaɓɓen ganye, ƙarfe, amoniya da ke cikin fitsari da kashin dabbobi. Abin da ya saura bayan datti ya ci nasa shi ake kira ragowar kulorin, kuma shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta, ya ci gaba da tsaron ruwan a cikin bututu har zuwa bakin famfo. A ɗauki misali: ana zuba miligiram 1 a kowace lita, ruwan yana cinye 0.4, saura 0.6. Ranar da ruwan gona ya kutsa rijiya, buƙatar ruwan na iya tashi zuwa 1.5. Injin zuba kulorin bai san an yi ruwan sama ba, zai ci gaba da zuba 1 ɗinsa, ragowar ta zama sifili. Wanda ya leƙa ɗakin injin zai ga komai yana aiki, alhali ruwan da ke fita ɗanye ne. Amoniya kuma tana da wata illa ta daban: tana haɗuwa da kulorin ta mayar da shi wani nau'i mai rauni da jinkirin kisa, shi ya sa sakakkiyar ragowa, wato kulorin da bai haɗu da komai ba, ake aunawa, ba jimillar kulorin ba.

Ƙa'idar da aka gindaya wa Walkerton ita ce ragowar miligiram 0.5 a lita bayan ruwa da kulorin sun yi minti 15 tare, kuma a auna kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla 0.5 bayan minti 30, a ruwan da pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, bai kai 8 ba, kuma kada ragowar ta gaza 0.2 a inda mutum ke ɗiba. Mintunan nan ba ado ba ne. Idan inji yana tura lita 20 a daƙiƙa, minti 15 na nufin dole a sami wurin da zai riƙe lita 18,000 tsakanin inda aka zuba kulorin da famfon farko, kuma a aikace ana buƙatar fiye da haka, don wani ruwan kan yanke ya fita daga tanki kafin sauran.

Awon kansa ba shi da wuya. Ana ɗibar mililita 10 na ruwa a ɗan kwalba, a jefa ƙwayar sinadarin gwaji mai suna DPD, a girgiza. Idan akwai sakakken kulorin ruwan zai koma ruwan hoda, a gwada launin da ma'auni cikin minti ɗaya. Idan bai canza launi ba, babu kulorin. Matakin da ke biye a bayyane yake: a kashe rijiyar, a gano dalili, a sanar da hukumar lafiya.

A ranakun 13 da 14 da 15 ga Mayu ba wanda ya auna ragowar kulorin a Rijiya ta Biyar. Amma a takardar awo an rubuta 0.75. Binciken ya gano cewa wannan al'ada ce ta shekaru: ma'aikatan kan cike takarda da 0.5 ko 0.75 ba tare da sun taɓa kwalbar gwaji ba, suna zuba kulorin ƙasa da yadda aka ce, suna kuma rubuta sunan wani wuri a kan samfurin da aka ɗiba a wani wurin daban. Manajan hukumar, Stan Koebel, da ɗan'uwansa Frank wanda shi ne shugaban ma'aikata, sun samu takardar shaidar aiki ne a 1988 bisa daɗewa a aiki, ba tare da jarrabawa ba. Ba su san cewa E. coli na iya kisa ba. Sun yi imani ruwan rijiyoyin garinsu mai kyau ne ko ba kulorin, har sukan sha shi ɗanye a bakin rijiya, ga kuma mutanen gari da ke ƙorafin warin kulorin.

Mai shari'a O'Connor ya yi taka-tsantsan a nan, kuma ya dace a bi shi. Mai yiwuwa ne dattin da ya shiga ya yi yawan da ko an zuba cikakken kulorin da ya cinye shi. Saboda haka babban kuskuren shi ne rashin awon. Da an auna ranar 13, da an ga sifili, da an rufe rijiyar kwana biyar kafin yaro na farko ya isa asibiti, kuma da annobar ta ragu ƙwarai.

Daga Litinin zuwa Lahadi

Ranar Litinin 15 ga Mayu aka kashe Rijiya ta Biyar, aka kunna ta bakwai, ita kuma babu injin kulorin a jikinta sam, domin an cire tsohon ba a ɗaura sabon ba sai ranar 19. Ruwan ta bakwai ba shi ne mai cutar ba, amma kwana huɗu ana tura ruwa marar kulorin cikin bututun da suka riga suka gurɓace, babu abin da zai kashe abin da ke ciki.

A wannan Litinin ɗin aka ɗebi samfurori aka aika wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Ranar Laraba 17 ga wata sakamako ya fito da E. coli. Ƙa'idar ruwan sha a ko'ina ita ce kada a ga ko ɗaya a cikin mililita 100. Ɗakin gwajin ya sanar da manajan shi kaɗai. Kafin 1996 ɗakunan gwajin gwamnati ne ke wannan aiki, kuma sukan tura mummunan sakamako ga ma'aikatar muhalli, daga nan ya isa ga likitan lafiyar jama'a. Da aka miƙa aikin ga 'yan kasuwa ba a kafa dokar da ta tilasta musu yin haka ba. Manajan ya karɓi sakamakon ya yi shiru.

Ya kamata a lura da tazarar nan, don ba a Walkerton kaɗai take ba. Gwajin ƙwayoyin cuta yana buƙatar kwalba mai tsafta da aka sa wa sinadarin da ke kashe ƙarfin kulorin, a bar famfo ya zuba na minti biyu ko uku, a ɗiba, a ajiye cikin sanyi, a kai ɗakin gwaji cikin awa 24, sannan a jira ƙwayoyin su tsiro na wasu awa 18 zuwa 24. Ko kowa ya yi aikinsa daidai, labarin ruwan shekaranjiya ake samu, wanda an riga an shanye. Gwajin yana da muhimmanci don tabbatar da cewa tsarin yana aiki, amma ba ya tsare kowa daga ruwan yau. Ragowar kulorin da ma'aunin dagulewar ruwa ne kaɗai ke ba da labari nan take.

Ranar Alhamis 18 yara suka fara rashin zuwa makaranta, aka kwantar da biyu a asibitin garin Owen Sound. Ranar Juma'a likitar yara da ke duba su, Kristen Hallett, ta ga gudawa da jini a yara biyu daga gari ɗaya, ta zargi E. coli O157:H7, ta kira hukumar lafiyar yankin. Da farko hankalin jami'ai ya fi karkata ga abinci, kuma suna da hujja, domin an fi sanin wannan ƙwaya da niƙaƙƙen naman shanu da bai dahu ba, tun bayan annobar 1993 a Amurka da ta kashe yara huɗu. Amma ba a sami wani abinci ko taro da ya haɗa marasa lafiyar ba, ga su yara da tsofaffi a unguwanni daban-daban. Irin wannan bazuwa ruwa take nunawa. Jami'an sun kira manajan ruwa a ranar, suka sake kira washegari, yana ba su tabbacin ruwa lafiya lau, bai ambaci sakamakon ranar Laraba ba, bai ambaci rijiyar da ta yi aiki ba kulorin ba. Ya kuma fara wanke bututu da zuba kulorin mai yawa.

Ranar Lahadi 21 ga Mayu da rana, likitan lafiyar jama'a na yankin, Murray McQuigge, da jami'ansa suka ba da umarnin a tafasa ruwa, ba tare da wata shaidar ɗakin gwaji a kan ruwan ba, bisa yadda cutar ke bazuwa kawai. Wannan shawara ce mai kyau, kuma irinta ake so daga jami'in lafiya: idan alamu sun nuna ruwa, ba a jiran tabbaci. Sun ɗebi nasu samfurin, ranar 23 ya fito da E. coli. Mutum na farko ya rasu ranar 22. Binciken ya ƙiyasta cewa da manajan ya faɗi gaskiya ranar 19, da an kauce wa kamuwar mutum 300 zuwa 400.

Sanarwar kanta ta sami tangarɗa. Ta gidajen rediyon yankin aka bayar da ita, a tsakiyar dogon hutun ƙarshen mako, mutane da yawa ba su ji ba a ranar. Sanarwar tafasa ruwa sai ta bi kowace kafa, har ƙofa-ƙofa, a fara da asibitoci da makarantu da gidajen kula da tsofaffi da wuraren sayar da abinci. Kuma ta fayyace cewa ba ruwan sha kaɗai ake nufi ba: ruwan wanke kayan lambu da za a ci ɗanye, na haɗa madarar jarirai, na ƙanƙara, na goge baki, duk sai an tafasa, ya yi minti ɗaya yana tafarfasa.

Abin da ƙwayar ke yi a jiki

E. coli O157:H7 ba ta buƙatar yawa, ƙwayoyi ƙasa da ɗari na iya kwantar da mutum. Takan yi kwana uku zuwa huɗu kafin ta nuna, wani lokaci fiye da mako, abin da ya bayyana tazarar da ke tsakanin ruwan saman ranar 12 da cikar asibiti ranar 18 zuwa 20. Tana farawa da murɗawar ciki mai tsanani da gudawa, sannan jini, sau da yawa ba zazzaɓi mai zafi. Gubar da take fitarwa tana lalata bangon ƙananan jijiyoyin jini. A wasu marasa lafiya, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi, bayan kamar mako guda jajayen ƙwayoyin jini kan farfashe, ƙoda ta tsaya. Alamominsa raguwar fitsari, ɗashewar fata, kumburi da kasala, kuma sukan zo ne daidai lokacin da gudawar ta fara sauƙi, iyaye suna ganin an warke. A Walkerton mutum 27 suka kai wannan mataki, mafi yawansu yara, wasu sai da aka yi musu wankin ƙoda. Ba a son a ba mai wannan cuta maganin tsayar da gudawa, haka ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da likita ya tantance ba, don suna iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda. Abin da ake yi shi ne mayar da ruwan jiki da sa ido a kan fitsari da gwajin jini.

Masu sa ido

Da a ce 'yan'uwan biyu ne kaɗai matsalar, da lamarin bai zama abin koyarwa ba. Ma'aikatar muhalli ta lardin ta duba tsarin ruwan Walkerton a 1991 da 1995 da 1998. Sufetocin sun ga ƙarancin kulorin, sun ga E. coli ya sha bayyana a samfurori, sun ga ba a ɗibar adadin samfurin da aka ce. Wasiƙa aka rubuta, manaja ya yi alkawarin gyara, ba wanda ya koma ya tabbatar. Takardar awon da ke maimaita lambobi biyu shekara da shekaru ita kanta shaida ce, domin ragowar kulorin ta gaskiya tana hawa da sauka da yanayi da yawan ruwan da ake ja. Sufeton da ya ga lamba ɗaya jere ya kamata ya fito da nasa kwalbar ya auna a gaban ma'aikaci.

Tun 1994 ƙa'idojin lardin suka ce rijiyar da ruwan saman ƙasa ke shiga kai tsaye a sa mata na'urar da ke auna kulorin da dagulewar ruwa ba tsayawa. Ba a koma an duba tsofaffin rijiyoyi irin ta biyar don aiwatar da wannan ba. Irin wannan na'ura, idan an haɗa ta da ƙararrawa da makashin inji, takan tsayar da rijiya da kanta idan ragowa ta faɗi, ko da tsakar dare ne, ko da ma'aikaci bai san komai ba. Binciken ya ce da tana nan da an kauce wa annobar. Ya kuma danganta raunin sa idon da rage kasafin ma'aikatar da aka fara a 1996, wanda ya zaftare fiye da dalar Kanada miliyan 200 da ma'aikata sama da 750.

Bayan haka

Umarnin tafasa ruwa bai ɗagu ba sai 5 ga Disamban 2000, bayan an rufe Rijiya ta Biyar har abada, an wanke bututun garin, an bi gine-gine ɗaya bayan ɗaya ana kashe ƙwayoyin cuta a famfunansu. A Disamban 2004 kotu ta yanke wa Stan Koebel ɗaurin shekara ɗaya, Frank kuma wata tara na tsare a gida.

Rahoton O'Connor ya kawo shawarwari 121, ginshiƙinsu shi ne kada a dogara da kariya ɗaya: a tsare tushen ruwa, a tace shi a kashe ƙwayoyinsa, a kula da bututu, a riƙa awo, a kuma tanadi abin da za a yi idan awo ya nuna matsala. Daga nan lardin ya kafa dokar tsaftar ruwan sha da ta sarrafa taki a 2002, da dokar kare tushen ruwa a 2006. Yanzu ma'aikacin ruwa sai ya ci jarrabawa kuma ya riƙa sabunta horo, ɗakin gwaji sai mai lasisi, kuma duk mummunan sakamako dole ɗakin gwajin da mai tsarin ruwan su sanar da ma'aikata da likitan lafiyar jama'a nan take, kowa a nasa ɓangaren, yadda shirun mutum ɗaya ba zai binne shi ba.

Likitoci sun ci gaba da bin lafiyar mutanen garin na tsawon shekaru. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna cewa manyan da suka yi gudawa mai tsanani a lokacin annobar sun fi waɗanda ba su yi ba yiwuwar kamuwa da hawan jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma matsalar ƙoda da ta zuciya ta fi yawa a cikinsu. Saboda haka duk wanda ya taɓa kamuwa da wannan ƙwaya ana ba shi shawarar ya riƙa auna hawan jini a kai a kai, a kuma riƙa duba masa aikin ƙoda, ko da yana jin ya warke sarai.